Geron Na'iya

Shekara ashirin da tara Ɗangiwa ya yi yana aikin malamin gona, yana bin ƙauyuka a kan babur yana koya wa manoma noma. Shi da bakinsa yake faɗin haka in ya gaji, kuma a 'yan shekarun nan da wuya ka same shi ba a gajiye ba. Saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya. Gwiwarsa ta hagu ma ba ta jira takarda ba, tuni ta ajiye aiki, babur ɗin kuwa sai an tura shi an lallashe shi kafin ya tashi da safe.

A Tambuwal yake zaune da matarsa Nasiha, nan ne ofishinsu. 'Ya'yansa maza biyu sun yi nisa, ɗaya yana Sakkwato yana gyaran waya, ɗaya yana kudu, kuma babu wanda a cikinsu zai iya bambance tsiron gero da na dawa. Amma shi asalinsa Kebbe ne. Can gidan gado yake, can gonar mahaifinsa marigayi Na'iya take, can kuma yayarsa Atu take zaune tun da mijinta ya rasu.

Na'iya bai bar dukiya ba, irin gero ya bari. Kusan shekara hamsin ya yi, duk kaka sai ya bi gonarsa kunya kunya yana zaɓen zangarniyar da ta fi tsawo da cika, ya ware ta daban, har geronsa ya fita daban da na kowa. Kansa dogo ne, ƙwayarsa manya masu haske, furarsa kuma in ka sha ta sau ɗaya sai ka riƙa raina ta kasuwa. Aibinsa ɗaya, ba ya sauri. Sai ya kwana ɗari da 'yan kai a ƙasa kafin ya nuna. Mutane suka sa masa suna geron Na'iya, kuma a zamanin da damina take da tsawo har daga wasu garuruwa ana zuwa roƙon iri.

Ɗangiwa kuwa aikinsa shi ne raba irin zamani, mai nuna cikin wata biyu da rabi. Ya yi aikin da zuciya ɗaya, don ya ga yadda ruwa yake ɗaukewa da wuri yanzu. Ko gonar gadon ma yawancinta irin zamanin ake shukawa. Yanki ɗaya kawai ya ware, daga gindin tsamiya zuwa kan iyaka, wannan na Baba ne. Duk shekara shi yake shuka shi da hannunsa. In kaka ta yi sai ya kai wa Atu dammunan har ƙofar ɗaki, ita ta zaɓi zangarniyar iri kamar yadda ta ga uban yana yi, ta murje da hannu, ta cuɗa da toka saboda ƙwari, ta zuba a tukunya ta liƙe bakin da laka. Sauran kuma ta yi furarta da kununta. Dokar Na'iya guda ce a kan wannan tukunya: ba a kai iri duka gona. Rabi ya shiga ƙasa, rabi ya zauna a ɗaki har sai an gama noman firi, wato noman farko, an ga shuka ta kama.

Bara tsuntsaye suka yi wa yankin kaca-kaca. Da yake shi kaɗai ya rage a tsaye bayan kowa ya girbe nasa, duk jan bakin da ke ƙasar a kansa suka sauka. Abin da Atu ta samu na iri bai wuce tiya ɗaya da rabi ba, ɗan na cin kuwa azumi ya tafi da shi.

Ana cikin zafin bazara, shamuwa ta riga ta iso, sai Abdulganiyyu shugaban sashensu ya tara su ya karanta musu takarda. Kwamitin tantance ma'aikata zai zo daga sama. Ba a faɗi rana ba, an dai ce cikin makonnin nan. Duk wanda aka kira sunansa ba ya nan, ma'aikacin bogi ne, za a cire shi.

Ɗangiwa ya ɗaga hannu. "Ranka shi daɗe, mu hwa malaman gona muke. Lokacin shuka na. In ruwa ya sauka ƙaƙa za mu yi?"

Abdulganiyyu, wanda Ɗangiwa ya koya wa hawan babur sa'ad da aka kawo shi aiki, ya naɗe takardar ya ce, "Malam Ɗangiwa, ni ma karanta ta niy yi, ba ni nir rubuta ta ba. Kai da ka kusa gamawa, kada ka bari a ɓata maka shekarunka a ƙofar fita."

Wannan shi ne karo na huɗu da za a tabbatar cewa Ɗangiwa mutum ne mai rai.

Da ya koma gida ya zauna yana lissafin kwanaki, Nasiha ta ce ai sai ya bar wa wani sallahu, in ruwa ya sauka a shuka masa. Ya ce ba zai yiwu ba. Ranar ruwan shuka wa yake da hannun aro? Kowa gonarsa yake tafiya, har mai shago rufewa yake. Sai an kwana uku kafin ka samu ɗan ƙwadago, sannan ƙasa ta sha iska. Geron Na'iya kuma in bai shiga da ruwan farko ba, ruwan ƙarshe ba zai jira shi ba. Atu ba ta iya kai kanta gona, ƙafafunta sun fi gwiwarsa lalacewa. Abin da ya rage shi ne binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa ya kwanta yana jira, duk ranar da ruwa ya zo ya same shi a wurin.

Ranar Asabar ya tura babur ya kama hanyar Kebbe. Ya sami Atu a bakin ɗakinta tana tsince wake a faifai. Suka gaisa, ta tambayi Nasiha da ɗiya, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Yaya, binne za ni yi bana."

"Da wane iri?"

"Da na Baba."

Ba ta ɗaga kai ba. "To ka ɗebi rabi."

"Rabin tiya ɗaya da rabi mi za shi rufe? Ko kunya ashirin ba shi kai. In yankin ya yi ƙanƙanta tsuntsaye na rana ɗaya su gama da shi, kin dai ga bara. Dut za ki ba ni."

Ta ajiye faifan. "Ɗangiwa, Baba bai taɓa kai iri dut gona ba."

"Baba bai taɓa aikin gwamnati ba."

Ya ji nauyin maganar da ta fita, amma bai janye ta ba. Ya ci gaba da kawo hujja, ya ce shamuwa ta zo, ya ce gawo ya fara zubar da ganye, ya ce a rediyo an faɗa damina za ta kankama da wuri. Duk gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar da bai faɗa ba, ita ce ya gaji. So yake ya yi aikin nan sau ɗaya ya cire shi daga ransa, ya je ya zauna wa kwamiti da zuciya guda.

Atu ta dube shi. Ta girme shi da shekara tara, ita ta goye shi, kuma ba ta saba ya musa mata ba. Can ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki, ya ji tana fasa lakar bakin tukunya. Ta fito da irin a ƙwarya, fari fat da toka, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Kai am malamin gona," in ji ta.

Kwana biyu ya yi yana aikin da a da yake gamawa kafin azahar. Ya bi kunya da sungumi yana sara, ya dawo yana jefa iri yana rufewa da diddige. Ƙasar ta yi zafi har ta cikin takalmi. Duk faɗin dajin babu kowa sai shi da awakin gari da ke yawo suna tsintar kara, don ba a yi shelar ɗaure dabbobi ba tukuna, sai an yi shuka ake yin ta. Wani mai wucewa da jaki ya tsaya ya ce, "Binne, Malam? Allah shi ba da sa'a." Ɗangiwa ya ce amin. Da ya karkaɗe ƙwaryar a rami na ƙarshe ya ji wani sanyi a ransa, irin na wanda ya sauke kaya.

Litinin ya koma ofis zaman benci, jiran kwamiti. A gindin dalbejiyar da ke harabar ofis aka jera su, kowa da fayil a cinya, tun daga masinja har masu furfura. Takardar ɗaukar aikin Ɗangiwa ta tsufa har ta koma launin kunun tsamiya, ya liƙe ta a wuri uku. Tun takwas na safe suke zama, a yi hirar tsadar taki, a yi ta mai, a yi gyangyaɗi, a tashi salla, a dawo. In mota ta shigo harabar sai kowa ya gyara hula. Sai a ga ashe mai kawo ruwan leda ne.

Ranar Laraba da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Atu ce.

"An yi yayyafi jiya da marece."

Ya miƙe daga benci. "Ƙaƙa yash shiga?"

"Na tona bakin ƙofa da yatsa. Gaɓa biyu."

Ta ce ko yana ji. Yana ji. Da gaɓa ɗaya ce da iri bai ma san an yi ba, zai ci gaba da barcinsa. Da kamu guda ne da an gama magana, damina ta fara. Amma gaɓa biyu ita ce wadda duk mai binne yake tsoro, ta isa ta ta da iri, ba ta isa ta riƙe shi ba. Shi kansa ya faɗa wa manoma haka ya fi sau ɗari, yana tsaye suna zaune.

Asabar ya je ya gani. Kowane rami ya fito, babu wanda ya yi fashi, tsiro kore shar a jere daga tsamiya har kan iyaka. Bai taɓa ganin geron ya fito da kyau haka ba, kuma hakan ya fi komai ƙona masa rai. Ya ɗaga kai ya dubi sama, fes take. Ya tona gefen wani rami, laimar ta riga ta gudu.

Bai zauna ba. Ya ari jarka biyu, ya riƙa ɗauko ruwa daga rijiyar bakin gari a kan babur, yana bin ramukan da ke kusa da tsamiya yana zuba musu da gwangwani. In ya tsirar da ko rami arba'in ne, an samu irin baɗi. Yashi ya riƙa shanye ruwan tun kafin ya miƙe daga sunkuyo. Ya saro ƙaya ya kewaye wurin iyakar ƙarfinsa, hannuwansa duk suka tsattsage. Lahadi da yamma ya koma Tambuwal yana ɗingishi, Nasiha ta dafa ruwa ta gasa masa gwiwa.

Mako ya zagayo, kwamiti bai zo ba, ruwa ma bai zo ba. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa takardun mutane, sai ya watse. Ɗangiwa yana zaune a benci, jikinsa a Tambuwal hankalinsa a gindin tsamiya. Sau biyu ya miƙe da niyyar ya hau babur ya tafi, in an cire shi a cire. Sau biyun yana tuna shekara ashirin da tara, sai ya koma ya zauna. Wani lokaci yakan tambayi kansa wai me ya yi da rayuwarsa. Bai zama babban ma'aikaci ba, bai kuma zama manomin kirki ba, kullum yana kan hanya tsakanin biyun, kowane ɓangare yana ganin ya makara.

Asabar ta biyu ya tarar da yankin ya koma launin ƙasa. Tsiron ya murɗe ya bushe, in ka taɓa sai ya marmashe. Ya wuce da sauri zuwa gindin tsamiya. Ƙayar tana nan, amma an buɗe ta ta gefe guda, ga sawun awaki ko'ina. A duk dajin nan ramukansa arba'in ne kaɗai kore, wace akuya ce za ta gan su ta wuce? Sun cinye har ƙasa. Babu wanda zai kai ƙara, ba a yi shela ba, dabba tana da hakkin yawonta. Ya tsaya a rana ya daɗe, sannan ya hau babur ya koma Tambuwal ba tare da ya shiga gida wurin Atu ba. Kunya ce ta hana shi.

Ranar Alhamis kwamiti ya iso, mutum uku da na'ura. Da aka kira sunansa ya shiga, wata yarinya mai tabarau ta ce ya ɗora babban yatsa. Na'urar ta ƙi shi. Ƙaya da ƙotar sungumi sun cinye zanen yatsan. Ta ce ya goga a goshi ya sake. Ya goga, ya sake, ta ƙi. A karo na uku ta yi ƙara, yarinyar ta ce, "An tabbatar, Baba. Na gaba." Fayil ɗin da ya yi kwana goma sha takwas yana runguma ko buɗe shi ba a yi ba.

Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, sama ta haɗe. Kafin la'asar ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ya yi ta zuba har kwatoci suka cika suka tumbatsa. Nasiha tana ta jera bokitai a bakin indararo, maƙwabta suna yi wa juna barka ta kan katanga. Ɗangiwa ya zauna a zaure yana kallo. Ya ce alhamdu lillahi, don ba a ƙin faɗa. Amma lissafin da yake gudu ya zo ya zauna masa a ƙirji: gobe Asabar, babu ofis, babu kwamiti. Da ya bar irin a tukunya, da gobe da sassafe zai shuka shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kamar kowa.

Da safe hanyar Kebbe ta cika da mutane, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙorai a ka. Ya fara biyawa gona, yana fatan ko akwai ƙwayar da ta yi nauyin barci ba ta tashi da yayyafin ba. Ya durƙusa ya tona rami ya fi talatin. Ɓawo ne kawai, baƙi, fanko.

Atu tana zaune inda ya bar ta. Ba ta tambaye shi don me bai shigo ba makon jiya, ko da yake an gaya mata an ga babur ɗinsa. Ya zauna a ƙasa kusa da tabarmarta, ya cire hula ya riƙe.

"Yaya, ya mutu dut."

"Na ji."

Sai ya faɗi abin da ya kwana yana rayawa. "Na san halinki. Ba ki rage ko cikin tafi ba? Ko a ƙullin zane?"

Ta juyo ta dube shi sosai. "Na so in yi. Har na ɗiba na riƙe a hannu, a cikin ɗakin can. Sai nic ce, mutum ya yi karatun abin ga, gwamnati na biyan shi a kai, ni wa ta da zan ɓoye mai? Kac ce dut, nib ba ka dut."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya mayar da hula ya ce zai nemo. Baba ya ba mutane da yawa, ba zai yiwu a ce ya ƙare a duniya ba.

Ya fara da maƙwabtan gona a nan Kebbe, yana bin su kunya kunya suna shuka. Kowa sai ya tsaya ya jingina da sungumi ya ce, geron Na'iya, Allah ya jiƙan Na'iya, ai mun daɗe da barin shi. Wani tsoho ya tuna cewa mutanen Jabo sun taɓa zuwa da jakai sun karɓa. Ɗangiwa ya juya babur ya bi taɓo ya ratsa Tambuwal ya wuce Jabo, ya samu wani Sirajo wanda ubansa ne ya karɓo irin. Sirajo ya ce yana yaro ya san shi, furarsa har yau yana jin ta a baki, amma tun kafin uban ya rasu suka daina. Ya ce in akwai mai shi a ƙasar nan to Arzika ne na Sanyinna, don wannan tsoho ko tsumma ba ya yarwa.

Ɗangiwa ya san Arzika. Abokin cin kasuwar mahaifinsa ne, kuma shi kansa ya yi shekara shida yana aiki a yankin Sanyinna sa'ad da ƙafarsa take da ƙarfi. Lahadi da hantsi ya same shi a ƙofar gida a kan buzu, ya tsufa ƙwarai, jikoki sun tafi gona sun bar shi da carbi. Da ya ji sunan baƙon sai fuskarsa ta washe, ya kama hannunsa ya ƙi saki.

"Ɗan Na'iya. Malaminmu. Yau wace rana?"

Suka gaisa doguwar gaisuwa. Ɗangiwa ya kwashe labari ya faɗa masa, bai rage komai ba, har da maganar rabi. Ya ce, "Baba Arzika, ko cikin cokali na, in akwai, a taimake ni."

Tsohon ya girgiza kai a hankali. "Ni nif fi kowa daɗewa da shi garin ga. Kowa ya bari, ni ina riƙe. Ka manta? Nan kaz zo, gindin iccen bedin can, kat tara mu. Sau ukku kana zuwa kaina ni ɗai. Kac ce, Baba, ruwa ya canza, geron ga ba shi kai ku, ɗiyanku za su kwan da yunwa. Kag gwada muna gona biyu gefe da gefe. Shekaran nan ruwa yaɗ ɗauke da wuri, na ubanka yat tsaya da kai babu ƙwaya, naka munka ci." Ya matse hannun Ɗangiwa. "Gaskiya kaf faɗi, ɗana. Ba domin kai ba da gidaje da yawa sun watse. Kullum ina sa maka albarka."

Ɗangiwa ya tuna. Ya tuna har rigar da ya sa ranar, da yadda ya koma gida yana jin daɗi ya rubuta a rahoto cewa manomi na ƙarshe a Sanyinna ya karɓi sabon iri. An ma yaba masa a kan rahoton.

Arzika ya kira wata jikarsa ya ce ta ɗebo iri tiya biyu daga wanda ya rage. Ta kawo a buhun leda. Ya tura shi gaban Ɗangiwa. "Tafi ka rufe gonarka tun ƙasa na da rai. Naka na, ba kyauta niy yi maka ba. Mu nan ko sunan da kunka zo da shi ba mu riƙe ba. Geron Ɗangiwa mu ka ce mai, har kasuwa."

Ya yi godiya, don tsohon da zuciya ɗaya ya faɗa. Ya ɗaure buhun a bayan babur, ya tura, ya hau. A hanya ya yi ta neman wanda zai ji haushi, kwamiti ko awaki ko yayyafin, amma duk inda ya juya kansa yake tararwa. Abin da ya fi damunsa shi ne ko yau aka mayar da shi gindin bedin nan, maganar da ya faɗa ita zai sake faɗa. Ya yi aikinsa da kyau, shi ya sa babu sauran inda zai nema.

Ana kiran la'asar ya isa Kebbe. Atu ta ga buhun, ta gyara zama, idonta ya ɗan yi haske. Ya kwance bakin ya ajiye a gabanta. Ta zura hannu ta ɗebo, ta kai kusa da ido, ta murza da yatsa. Ba ta buƙaci a gaya mata ba.

"Ƙanana na," in ji ta.

"Shina saurin nuna, Yaya."

"Na sani." Ta mayar da ƙwayoyin cikin buhu, ta karkaɗe tafinta har sau biyu. "Tashi ka tafi, rana na faɗuwa, gobe kuma kana da ofis."

Ya ɗauki sungumi a bayan ƙofa, ya saɓa buhun. Har ya kai bakin zaure ta kira sunansa, ya tsaya.

"In kaka ta yi, ka kai dammunanka rumbu kai tsaye. Kada ka kawo mani ƙofar ɗaki. Ba ni da abin da za ni zaɓa."

Ya ce to. Ya jira ko za ta ƙara wani abu, amma ta riga ta jawo butarta tana shirin alwala. Ya fita ya bi hanyar gona a ƙafa, yana jan gwiwa, mutane suna dawowa daga shuka suna yi masa sannu, yana amsawa.